Kwanson da Na'ura Ta Ce Na Maiwada Ne

Akwai wani manomin albasa a wani ƙauye kusa da Jandutsi, a ƙasar Jega, ana kiransa Waliyyu. Su biyu ne maza a wurin mahaifinsu, shi da yayansa Audu. Gonarsu ɗaya, injin ban-ruwansu ɗaya, kuma in albasa ta yi, tare suke kai ta Aliero. Audu ne mai shiga mutane. Waliyyu ba shi da yawan magana, amma in ya riƙe abu a zuciya, fitar da shi sai Allah.

Wata Asabar a ƙarshen damina, lokacin da manoma ke gyaran fangalin da za su zuba iri, Audu ya hau babur da sassafe ya nufi wajen Kuberi, a ƙasar Maiyama. Wurin abokinsa Maiwada ya tafi.

Maiwada Bafulatani ne, tun iyayensa suke zaune a gefen garin. Yana da 'yan shanu, amma da irin albasa aka fi saninsa. Shekara shida ya yi yana zaɓen wani iri da ya ce albasarsa ba ta saurin ruɓewa a ajiya, kuma bai taɓa ba kowa ko ƙwaya ɗaya ba. A wannan shekarar ce ya yi wa Audu alkawarin ɗan abin gwaji.

Audu bai dawo ba.

Da azahar masu ɗauko itace suka same shi kwance a gefen hanya, tsakanin gonakin dawa. An harbe shi a ƙirji, an tafi da babur, an zazzage aljihunansa. Jami'an da suka zo suka tsinci jan kwanson harsashi guda ɗaya a cikin ciyawa, daf da hannunsa. Suka sa shi a leda, suka liƙe. Kafin Waliyyu ya iso wurin, an riga an tafi da kwanson.

Maiwada ya zo ta'aziyya. Kwana uku yana zuwa, yana zama a bakin tabarma yana share ido da hannun riga. A rana ta uku ya ce, "Ni ne ƙarshen wanda ya gan shi da rai. Har bakin hanya na rako shi."

Wasu suka kalli juna.

A shekarar da ta gabata, da tare hanya ya yi yawa, an yi sanarwa cewa duk mai bindigar farauta ko ta tsaron gona ya kai a rubuta ta. Aka harba kowace, aka kwashi kwansunan aka nuna wa wata na'ura a birni. An ce kowace bindiga tana barin tabonta a gindin kwanso, kamar yadda yatsa ke barin zanensa, kuma na'urar ba ta mantawa. Maiwada na cikin waɗanda suka fara kai tasu, wata mai baki ɗaya da yake korar birai da gyado da ita.

Kwana goma sha ɗaya bayan rasuwar, ranar Laraba da hantsi, wani jami'i mai suna Bature ya kira Waliyyu ya same shi a Jega. Bature matashi ne, an taɓa tura shi horon mako biyu a kan na'urar, tun daga lokacin kuwa ba ya buɗe baki bai ambace ta ba. Suka zauna a bencin wani mai shayi.

"Malam Waliyyu, abin da zan nuna maka, ban nuna maka ba," in ji Bature.

Ya juyo da wayarsa. Hoton fuskar kwamfuta ne, da jerin sunaye, kowane da lamba a gefensa. Sunan farko Maiwada, da casa'in da ɗaya.

"Wanga lamba mi take nufi, Yallaɓai?"

"Maki ne. An nuna wa na'ura gindin kwanson da aka tsinta wurin yayanka, ta duba duk bindigogin da ke cikinta, ta ce wannan ce."

"Ba ta kuskure?"

Bature ya yi dariya. "Ni da kai muke kuskure. Ita ba ta da dangi, ba ta da aboki, ba ta cin goron kowa."

"To mi kuke jira?"

"Wata mata ce can a ɗakin bincike, Malama Fadila. Sai ta sa hannu a kama mutum. Wai sai ta duba da idonta. Ido fa. An sayo mata na'ura daga ƙasar waje, ita tana maganar ido."

Waliyyu bai taɓa shayinsa ba. Ya tuna Maiwada a bakin tabarmarsu yana kuka.

Ni da ke ba ku wannan labari na taɓa binne ɗan'uwa da aka harba a hanya, don haka ba zan zagi Waliyyu ba. Wanda aka yi wa irin wannan rashi ba abin da yake nema kamar suna. Yana cin abinci yana nema, yana sallah yana nema. Duk wanda ya fara miƙo masa suna, da hannu biyu zai karɓa.

Da la'asar ya sami Hashim a bayan gari. Hashim taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa, kuma shi ne shugaban 'yan sa-kai na ƙauyen. Ya saurara har ƙarshe yana sassaƙar wani kara da wuƙa.

"Na'ura ta faɗi, jami'i ya faɗi, saura mi?" in ji Hashim. "In takarda kake jira, albasar bana ta fito ta ruɓe ba a sa hannu ba. Ran Juma'a, in anka sauko masallaci, mu tafi."

"Mu tafi," in ji Waliyyu.

Ranar Alhamis ƙauyen ya yi wani irin shiru. Samari suka riƙa shiga gidan Hashim ɗaya-ɗaya, suna fitowa ba sa kallon kowa. Aka ga an shigo da galan biyu na fetur, alhali ba wanda ya fara tada injin ban-ruwa. Mata suka daina aiken yara bayan gari.

Da hantsin ranar Waliyyu ya kai wa Gudiya hatsi. Gudiya ita ce matar Audu, tana cikin takaba, zaune a ƙofar ɗaki da tsohon mayafi. Ya ajiye kwanon zai juya, ta tsayar da shi.

"Waliyyu, na ji ana awon mai gidan Hashim."

"Wanga ba abin da ya shafe ki ba ne, Yaya."

"Mijina anka kashe, ka ce bai shafe ni ba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kai ka ga kwanson nan da idonka?"

"Na ga abin da na'ura ta rubuta."

"Kwanso na tambaye ka."

"Ban gan shi ba."

"Yayanka bai taɓa sayen buhun taki bai kwance bakinsa ya duba ba. Kai kana shirin ɗaukar ran mutum kan hoton waya. Ka tafi birni ka gani. In ka gani, ka dawo ka yi abin da za ka yi, ba ni hana ka. Kuma ka amso mini hularsa da carbinsa, suna hannunsu."

Ya kai bakin zaure ta ƙara cewa, "Iri ya tafi amsowa. Har yau ba wanda ya ce mini ga irin."

"Shina kan babur, Yaya. Sun tafi da shi."



Ba don ya yarda da ita ya shirya tafiyar ba. Nauyinta ya ji, kuma a ransa yana ganin in ya tsaya a kan matar nan ta birni za ta sa hannu, ya dawo da takarda ya rufe bakin kowa. Da safiyar Juma'a ya ari babur, ya biya ta gidan Hashim.

"Ku jira ni. Kafin a shiga masallaci na dawo."

Hashim ya dube shi daga sama har ƙasa. "Tun muna yara, in ana dambe kai ke riƙe wa mutane takalma. Tafi. In munka sallame ban gan ka ba, na san halin ne ya motsa."

A birni aka ajiye shi a benci fiye da awa biyu. Rana ta ɗaga sosai kafin a shigar da shi wani ɗaki mai sanyi. Malama Fadila mace ce da ta kai shekara hamsin, da tabarau da farar rigar aiki a kan hijabinta. Ta yi masa ta'aziyya a natse. Da ya ce ya zo ne ta sa hannu a kan Maiwada, sai ta cire tabarau.

"Wa ya gaya maka wannan sunan?"

Ta ɗaga waya ta ce a nemo mata Bature, an ce ya shigo da wasu takardu. Sannan ta jawo kujera.

"Zauna, Malam Waliyyu. Kai manomi ne, zan yi maka magana yadda za ka gane. Na'urar nan ba alƙali ba ce. Tankaɗe take yi. A ba ta bindiga ɗari, ta ware mini goma ta ce in fara dubawa daga nan. Lambar da ka gani ba tana nufin ta tabbata ba ne, tana nufin wannan ya fi saura kama."

"An ce mini ba ta kuskure."

"Makon jiya na yi mata jarrabawa. Na ɗauko kwanso arba'in waɗanda na san bindigar da ta harba kowane, na ɓoye sunayen, na ba ta. Ta ci talatin da biyar. A biyar, sunan wani ta sa a sama."

"Talatin da biyar ai ci ne, Malama."

"Ci ne, in ba kana cikin biyar ɗin ba."



"Yawancin bindigogin yankinku maƙera biyu ko uku ne suka ƙera su," ta ci gaba. "Magagari ɗaya ya goge su, sai tabonsu ya riƙa kama da juna. Ban da wannan, ba ta san bindigar da ba a taɓa nuna mata ba. Ɗan fashi bai kawo tasa an rubuta ba. In ka tambaye ta, dole ta zaɓo maka daga cikin waɗanda suka yi biyayya suka kawo."

"Ke nan ba ta Maiwada ba ce?"

"Jiya na sa gindin kwanson a ƙarƙashin madubina mai ƙara girman abu, kusa da wanda muka harba da bindigarsa bara. Na yi awa uku a kai. Wannan karon na'ura ta yi daidai. Bindigar Maiwada ce ta harba shi."

Waliyyu ya miƙe tsaye. "To magana ta ƙare."

"Zauna. Ta harba shi, amma yaushe? Na'ura ba ta san rana ba. Ƙarfen gindin ya yi tsatsa kore, kamar wanda ya yi damina a ajiye. Kuma irin wannan bindiga ba ta tofar da kwanso da kanta, sai mutum ya karya ta ya zare. Wanda ya harbi mutum a hanya da rana zai tsaya ya zare kwanso ya ajiye masa kusa da hannu? Akwai kuma abin da ya toshe bakinsa. Ban cire ba, don sai a gaban shaida."

Daidai nan Bature ya shigo. Da ya ga Waliyyu, sai ya kawar da kai.

"Ka zo a kan lokaci," in ji Malama Fadila. "Tsaya nan ka zama shaida."

Ta sa safar hannu, ta yanke ledar, ta ajiye kwanson a kan farar takarda. Wannan ne karo na farko da Waliyyu ya gan shi. Jan ya koɗe. A bakinsa an cusa wani ɗan shuɗin tsumma, an danna shi sosai.

Ta kama tsumman da hantsaki ta zare, ta karkata kwanson. Wasu ƙananan baƙaƙen ƙwayoyi suka zubo, suka yi ɗan tsibi a kan takardar.

"Ga ragowar albarushi nan," in ji Bature. "Ai na faɗa."

Waliyyu bai ji shi ba. Ya matso, ya ɗauki ƙwaya ɗaya da ɗan yatsa, ya murƙushe ta tsakanin farcensa, ya kai hanci. Sai ya dafa tebur.

"Wanga ba albarushi ba ne," ya ce. "Irin albasa ne."

Abin da ya daɗe da sani ne ya dawo masa. Maiwada ba ya zubar da kwanson da ya harba. Yana tara su a wani tsohon gwangwani, da su yake awon iri. Kwanso ɗaya, fangali ɗaya. In zai ba mutum irin da ya saba bayarwa, sai ya cika kwanson ya toshe da tsumma, a sa a aljihu a tafi. Waliyyu ya sha ganin wannan da idonsa. Irin da Audu ya tafi karɓa bai taɓa hawa babur ba. A aljihunsa yake, ya faɗo lokacin da ake zazzage shi.

Na'ura gindin kwanson aka nuna mata. Kwana goma sha uku, ba wanda ya leƙa cikinsa.

Ya ɗaga kai ya ga agogon bango. Ɗaya saura kwata.

"Malama," ya ce, "in anka sauko masallaci za su tafi gidansa."

"Su wa?"

"Mu."

Ya kira Hashim, wayar a kashe. Ya kira wasu biyu, ba a ɗauka ba. Malama Fadila ba ta tsaya yi masa faɗa ba. Ta ɗebi ɗan kaɗan daga irin ta ƙunsa a takarda, ta rubuta a littafinta, ta miƙa masa.

"Manoma ne, wannan za su gane kafin su gane sa hannuna. Tafi." Ta juya ga Bature. "Kai kuma ka nemo mota da mutane yanzu. Hoton da ka ɗauka ne ya tafi Kuberi."

Waliyyu bai san yadda ya fita daga birni ba. Da ya iso Jega, mutane na fitowa daga masallaci, hanya ta cika da fararen riguna, dole ya rage gudu yana ta danna oda. A ranar bai sami Juma'a ba. Bai biya ta ƙauyensu ba, ya miƙe hanyar Maiyama. A wata mararraba ya tambayi wata mai sayar da gyaɗa ko ta ga masu babura.

"Sun wuce tun ɗazu," ta ce. "Na ƙirga goma sha ɗaya. Ba wanda ya yi sallama."

Ya bar kwalta ya shiga hanyar ƙasa. Dawa ta yi tsawo a hagu da dama, ba ya ganin komai sai kara. Ya wuce daidai wurin da aka sami Audu, bai tsaya ba. Can gaba ya haɗu da wata saniya tana gudu ita kaɗai, da guntun igiya a wuyanta. Sai kuma ya hango hayaƙi ya miƙe sama, baƙi, ba irin na girki ba.

Da ya shiga filin gidan, rumbu biyu na ci da wuta, ɗakin kwana ya riga ya rufta. Ba mace, ba yaro, duk sun gudu cikin dawa. An ɗaure Maiwada a jikin wata tsamiya, rigarsa a yage, jini na bin gefen fuskarsa. Mutanen Hashim sun kewaye shi.

"Ga mai riƙon takalma ya iso," in ji Hashim. Ya miƙo masa bindiga. "Mun aje maka shi. Jinin yayanka ne, harbin farko naka ne. Ka ji ƙaryar da yake ta yi mana tun ɗazu? Wai iri ya zuba cikin kwanson."

Wasu suka yi dariya.

Waliyyu bai karɓi bindigar ba. Ya shiga tsakaninsu da tsamiyar, ya zaro takardar daga aljihu.

"Buɗe hannunka, Hashim."

"Takardar ce kag amso?"

"Buɗe hannunka."

Ya zazzage masa ƙwayoyin a tafi. "Gabana anka buɗe kwanson. Ga abin da ke ciki."

Hashim ya dubi tafinsa. Ya ɗauki ɗaya ya sa tsakanin haƙora ya ciza. Fuskarsa ta canja. Na kusa da shi ya leƙo, shi ma ya ɗauka. Haka irin ya riƙa bin hannu zuwa hannu. Duk cikinsu ba wanda bai tashi a gonar albasa ba, ba wanda ke buƙatar a yi masa bayani. Dariyar ta mutu. Ba abin da ake ji sai ƙarar wuta tana cin kara.

Can wani daga baya ya ce, "To na'urar fa?"

"Na'ura ta ce kwanson na bindigarsa ne, kuma nasa ne," in ji Waliyyu. "Ba ta ce ya kashe kowa ba. Mu munka ce."

Ya karɓi wuƙar Hashim ya yanke igiyar. Maiwada ya sulale ƙasa ya jingina da itacen. Bai kalli kowa ba, rumbun da ke gefen yamma yake kallo, wanda rufinsa ya faɗa ciki a lokacin.

"Shekara shida na cikin wancan," ya ce a hankali.

Waliyyu ya durƙusa a gabansa. "Baffa, ka yafe mini. Ni na kawo su."

Maiwada ya juyo. "Kwana uku ina zaune kan tabarmarku, Waliyyu. Tambaya ɗaya ce. Da ka ce mini, Baffa, mi ka ba Audu, da na gaya maka."

Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya dafa itacen ya miƙe, ya shiga cikin dawa yana kiran sunan matarsa Mairama.

Motar su Bature ta iso bayan wuta ta gama abin da za ta yi. Aka tafi da Hashim da mutanensa, aka haɗa da Waliyyu, don da bakinsa ya ce shi ya kawo maganar. Ya yi makonni a tsare kafin a sake shi. Bature kuwa an raba shi da aikin, an ce har wayarsa aka karɓe.

Bayan an sako Waliyyu, Malama Fadila ta aiko a kira shi. Ta ba shi hular Audu da carbinsa, da sauran irin a cikin wata 'yar kwalba. Kwanson ya zauna a wurinsu.

"A duniya wannan kaɗai ya rage daga irin mutumin nan," ta ce. "Ka mayar masa."

Washegari ya nufi Kuberi. Ya tarar da fili, da toka, da turakun shanu ba shanu. Wani maƙwabci ya ce sun tashi tun makon da abin ya faru, sun yi kudu da dabbobinsu, ba su gaya wa kowa inda za su ba.

Ya dawo gida da kwalbar ya ajiye a gaban Gudiya. Ta daɗe tana juya ta a hannu.

"Fangalin da yayanka ya gyara yana nan," ta ce. "Ka zuba. In ta yi, kada ka kai ko ɗaya Aliero. Ka bar ta ta yi iri. Ba namu ba ne."

Lokacin zuba iri ya riga ya wuce, rabi ne kawai ya tsiro. Amma wanda ya tsiro ya yi. Albasar kuwa, kamar yadda Maiwada ya faɗa, ba ta saurin ruɓewa. Manoma sun yi ta roƙon Waliyyu ko cikin cokali ne, ya hana. Kowace shekara yana sabunta irin, ya zuba a kwalba, ya ɗora a kan katangar ɗakinsa. Duk Bafulatanin da ya gani a kasuwar Jega ko ta Maiyama sai ya tambaye shi labarin wani Maiwada mai irin albasa. Har yau ba wanda ya ce ya gan shi.

Wanda ya harbi Audu kuwa, ba a same shi ba. A kwanakin da ya kamata a bi sawun babur, kowa ya tsaya yana kallon suna ɗaya a fuskar waya. Kafin a juyo, sawun ya shafe. Bindigar mai harbin ba ta cikin na'ura, ba ta taɓa shiga ba. Kafin shekarar ta ƙare an sake tsintar mutum biyu a wannan hanyar, tsakanin gonakin dawa, kuma ba a sami kwanso kusa da ko ɗaya ba.

Darasi: Na'ura tana amsa abin da aka tambaye ta ne kawai, kuma ko a nan ma takan yi kuskure, shi ya sa masu sanin aikin suke jarraba ta, su kuma sake dubawa da idonsu. Kada ka ɗora ran mutum a kan hoton waya, ko a kan "an ce". In zuciyarka ta yi zafi aka miƙo maka suna, ka tsaya, ka je ka gani, ka tambayi mai sunan, ka bar hukuma ta gama aikinta. Haƙurin yini ɗaya ya ceci ran Maiwada, gaggawar kwana biyu ta ƙone masa aikin shekara shida, ta kuma bar mai laifin yana yawo. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa, musamman gidan da aka yi wa rashi irin wannan, ko Allah zai sa ya isa hannun wani kafin a sauko masallaci.